Matan da Na Karantar Ba Allo

Babana malami ne a wani ƙaramin ƙauye kusa da Hawandawaki, cikin ƙasar Tasawa. Ba shahararre ba ne. Gonarshi ta hatsi da wake ita ke ci da mu, yara kuwa yana biya masu karatu a zaure da sassafe da kuma bayan la'asar. Wannan tun Nasara ba su shigo ƙasar ba ne, zamanin da in aka ji kuwwa daga daji mata kan fara tattara 'ya'yansu don tsoron hari.

Cikin 'ya'yanshi mu biyu muka rayu, ni da yayana namiji. Tare ya karantar da mu, shi a zaure, ni a ƙofar ɗakin mahaifiyarmu. Na yi aure a Attantane, ba a daɗe ba Allah ya yi wa mijin rasuwa, ban kuwa samu haihuwa ba. Da na fita takaba sai na dawo gida. Na iske idanun Baba sun fara dushewa, Yaya ya karɓi zaure da manyan yara masu hadda. Ƙananan, waɗanda ko riƙon allo ba su iya ba, suna damun shi da kuka da fitsari, sai ya turo mani su gindin aduwar da ke tsakar gidanmu.

Na ji daɗin aikin nan. Yaro ba ya tambayar dalili. In ka ce mashi wannan baƙin sunanshi lam jaye, ya karɓa ke nan, ba zai ce wa ya ja shi ba. Zai buɗe baki ya faɗa da ƙarfi, in ya yi kuskure 'yan'uwanshi su yi mashi dariya, shi ma ya taya su, ya sake faɗa. Kunya ba ta riƙe mashi harshe. Wahalata da su ɗaya ce, tsare hankalinsu, don ɗan akuya in ya gitta karatu ya watse. Sai na riƙa rera masu baƙaƙen suna amsawa, wanda ya riƙe in ba shi guntun dawo ko 'yar magarya. Ina da tsumagiya, ina kuma taɓa su da ita in ta kama. Abin da yaro ya fi kowa da shi kuwa shi ne lokaci. In bai gane bana ba, baɗi tana nan. Ba wanda ke jiran tuwo daga hannunshi.

Akwai wata Bafillata da ke kawo mana nono, muna ba ta hatsi. Rugarsu tana arewa da gari. Ta isa ta haife ni, don haka Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mani ɗiyar Malam. Doguwa ce mai yawan raha, Hausarta tsaf, sai ɗan karin Fillanci da ke fita can ƙarshen magana. Wani rani muka daina ganinta, har muka ɗauka sun tashi. Da ta dawo ta rame, rahar kuma babu. Ta sauke ƙwaryarta ta ce da Malam take son magana. Baba yana kwance ranar, sai Yaya ya shigo. Ta durƙusa ta ce mashi karatu take so.

Yaya bai kore ta ba. Ya ce madalla, amma ƙofar karatu ɗaya ce ga kowa, ta baƙi ake shiga. Ya ɗauko allo ya rubuta mata baƙaƙen farko, ya nuna mata wuri cikin yarana a kan yashi. Ta dubi wurin, ta dube shi, sannan ta naɗe ƙafafunta ta zauna. Kanta ya zarce na kowa, yaran duk sa'o'in jikokinta ne. Ya biya mata, ta amsa a hankali. A baƙi na uku harshenta ya karkace, yaran suka kwashe da dariya kamar yadda suka saba yi wa junansu. Yaya ya ƙwanƙwasa allonta da tsumagiya.

“Sake. Ɗaga murya, ban ji ki ba.”

Ta sake, muryar ta ƙara yin ƙasa, kuskuren ya ƙara fitowa. Sai ta jingine allon jikin aduwa, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, ko hatsin nononta ba ta tsaya karɓa ba. Yaya ya juyo ya ce mani na dai gani da idona, kan babba ya riga ya bushe, ba abin da zai shiga.

Ranar kasuwa na ɗauki hatsinta na tare ta a hanyar ruga, gindin wani kalgo. Ta karɓa, muka zauna. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin ta buɗe baki. Ashe ɗiyarta ce ta rasu a wancan ranin, wajen haihuwa, can cikin daji inda suka bi ruwa. Maza sun yi nisa da shanu, ba kowa a rugar sai ita da wata yarinya matar ɗanta. Ta ce ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta tsaya a kan gawar, ba ta san ta ina ake farawa ba, ba ta san abin da ake cewa ba. Haka suka yi yadda suka iya, da maza suka dawo aka binne.

Ta ce, “Ɗiyar Malam, ni ba malama nake son zama ba, shekaruna sun tafi. So nake in na tsaya salla in san abin da bakina ke faɗa. In kuma wata ta sake mutuwa a hannuna, kar in tsaya ina kallon ta.”

A hanyar komawa gida na auna abin. In na bi da ita yadda nake bi da yara, sai ta shekara tana baƙi, ta ƙara wasu shekarun tana haɗa wasali, kafin ta kai ga abin da ya kawo ta ƙila ƙasa ta rufe ta. Ban ga dalilin da zai sa mace mai furfura ta yi wannan jiran ba. Kafin in kai ƙofar gida na gama yanke abin da zan yi, ban kuwa shawarci kowa ba.

Na ce mata duk ranar da ta kawo nono ta shigo ɗakina ta dama mani fura. Wanda ya leƙo zai ga Bafillata da ludayi a hannu, ba zai ga mai ɗaukar karatu ba. Allo kuwa ban sake nuna mata shi ba. Da alwala muka fara. Na ba ta ruwa na ce ta yi yadda ta saba in gani. Ashe kusan duka ta iya, wuri biyu kawai take gabatar da na baya. Yaro fanko yake zo maka, ka zuba abin da za ka zuba. Ita kuwa dole ne in fara tambayar me ke akwai, in ba haka ba in ɓata mata yini ina koya mata abin da take yi tun ba a haife ni ba.

Da muka shiga surar da ake buɗe salla da ita sai na haɗu da abin da yara ba su taɓa yi mani ba. Na biya mata aya ta farko, ta ƙi amsawa. Ta ce mene ne wannan da Hausa. Na gaya mata iyakar abin da na sani. Ta juya shi da Fillanci tana magana da kanta, ta gyaɗa kai, sannan ta amsa. Haka ta yi mani a kowace aya. Inda sanina ya tsaya sai in je wurin Baba in tambaye shi kamar don kaina, ya fassara mani, in kawo mata. Ni da na haddace surorin nan tun ina yarinya, a dalilin Inna na san ma'anar da yawa daga cikinsu.

Mantuwarta ma daban take. Yaro zai kawo maka sura sumul, ko wasali bai zubar ba, amma bai san ko albarka yake roƙo ko tsari yake nema ba. Inna takan dawo bayan mako da ma'anar cif, lafazin kuwa ya yi ramuka. Ban taɓa ce mata ta yi kuskure ba. In ta karkace sai in ci gaba da abin da hannuna ke yi, in maimaita ayar a hankali kamar tilawata nake. Tana ji, ta gyara, mu wuce, ba wadda ta dubi wata. Wani lokaci ta yi kwanaki ba ta zo ba, saniya ta haihu, ko baƙi sun sauka, ko ƙafa ta kumbura. Da yaro ne da na aika an kamo mani shi. Ita ƙafarta ta kawo ta, ƙafarta ce kuma za ta maido ta, don haka in ta dawo sai in yi mata sannu da zuwa mu ɗora daga inda muka tsaya.

Wankan gawa shi na bari sai da ta saba da ni. Na rufe ƙofa, na naɗe taɓarya da tsohon zane na kwantar a kan tabarma. Na yi sau ɗaya tana kallo, ina faɗin kowane mataki da dalilinshi, sannan na miƙa mata ƙwaryar. Ta karɓa ta durƙusa. Ta yi tun daga farko har ƙarshe ba ta tsallake kome ba. Da ta gama sai ta zauna ta ja gefen zanen ta rufe kan taɓaryar, ta daɗe a haka. Ban yaba mata ba. Yaro in ya yi daidai yabo yake jira. Wannan ba wurin yabo ba ne.

Matar maƙerin garinmu ce ta fara gano mu. Ta shigo aron faifai ta ji Inna na biyawa. Ba ta yi dariya ba, ta tsaya jikin ƙofa har muka gama, washegari ta dawo da audugarta da mazarinta ta ce kaɗi ta zo mu yi tare. Bayanta wasu suka biyo, kowa da hujjar da ta fito da ita daga gida, wannan surfe, waccan kitso. Ban taɓa jera su na zauna gabansu ba. Muna aiki muna karatu, mai daka na daka, ina biyawa tsakanin saukar taɓarya.

Nan ma sai da na koyi wani abu. Wata dattijuwa da matar ɗanta suka zo rana ɗaya, har aka tashi ba wadda ta buɗe baki a cikinsu. Surukar ba za ta yi tuntuɓen harshe gaban yarinyar da ke durƙusa mata ba, yarinyar kuma ba za ta nuna ta riga surukarta ganewa ba. Yara ko guda nawa ne sai ka haɗa su wuri ɗaya, ƙarfin muryar wani ya ja wani. Manya sai ka san wa ke jin nauyin wa. Na raba su, dattijuwar da hantsi, yarinyar bayan azahar, kowace ta saki baki.

Da damina wata tsohuwa da ba ta da kowa ta rasu a garin. Wadda aka saba kira don wankan mata a wani ƙauye take, ruwa kuma ya cike fadamar da ke tsakani. Maza suna tsaye a waje ana shawarar yadda za a yi, sai matar maƙeri da Inna, wadda ta kawo nono ranar, suka ɗauki ƙwarya suka shiga. Suka yi wankan, suka sa likkafani, suka fito suka ce a shigo a ɗauka. Daga nan magana ta fasu. Aka tambayi inda suka koya, aka ji labarin taɓarya.

Sai kuma matar maƙeri ta ƙara wa wutar kara. Wata rana mijinta na alwala a ƙofar maƙera, ta ce mashi ya bar diddige a bushe, gaban masu jiran gyaran hauya. Maƙerin bai je wurin kowa ba sai wurin Yaya.

Yaya ya same ni gindin aduwa bayan yara sun tashi. Bai yi ihu ba, shi ba mai ihu ba ne. Ya ce karatu yana da tsari, haka kakanninmu suka karɓa haka suka ba da, ni kuwa na kama shi ta wutsiya. Ya ce na cakuɗa shi da Hausa da Fillanci da ƙarar turmi. Ya ce matan nan suna karya lafazi, alhakin kuma yana kaina. Ya kuma faɗi wata magana da har yau ban ce ƙarya ba ce: wanda bai san baƙi ba, ranar da ya manta ba ya da inda zai duba. Na ce mashi haka ne, shi ya sa nake fara wa yara da baƙi, kuma ba zan daina ba. Amma matan nan kafin su zo wurina ma suna salla, da lafazin da ya fi wannan karyewa, ba wanda alhakinsu ya hana barci. Ya ce in daina. Na ce ba zan daina ba.

Na je wurin Baba ina sa ran zai tsaya mani. Yana zaune a ƙofar ɗakinshi yana jan carbi, na kwashe kome na gaya mashi, har da dalilin tambayoyin fassarar da nake mashi. Ya ce ai ya daɗe da ganewa. Sannan ya ce, “Ni yara na iya. Babba kuwa, duk wanda ya zo mani ba ya wata guda yake gudu, ban kuma taɓa bin sawun ko ɗaya ba.” Na ce to ya faɗa wa Yaya haka. Ya ce zaure ya riga ya ba ɗanshi, ba zai kwance mashi rawani gaban mutane ba. Na tashi ban yi mashi sallama ba. Baba ya daɗe da rasuwa, ina mashi addu'a kullum, amma wannan ranar ba ta bar raina ba.

Aka kai magana gaban maigari. Dattijo ne mai son a zauna lafiya, manomi kamar kowa. Ya zauna a ƙofar gidanshi da dattawa, Yaya da maƙeri a gefe, ni kuma na durƙusa daga can nesa kusa da darni. Maƙeri ya faɗi nashi, cewa ana koya wa mata raina maza. Yaya ya faɗi nashi a tsare. Sannan maigari ya ce ɗiyar Malam tana da abin cewa?

Na ce, “Ranka shi daɗe, yaran da ke gindin aduwata salla ba ta hau kansu ba tukuna, suna da shekaru a gabansu, shi ya sa nake bi da su a hankali. Matan nan salla ta hau kansu tun tuni. Yaya ya ce su jira sai sun iya baƙi. Azahar ɗin yau fa, ita ma ta jira?”

Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce ba haka ake magana gaban manya ba. Na ce tambayata aka yi na amsa. Game da maƙeri kuwa, na ce matarshi ta yi laifi da ta faɗa mashi gaban mutane, ni ban koya mata haka ba, zan kuwa ja mata kunne. Amma diddigen a bushe yake.

Maigari ya duba nan ya duba can. Ya ce shi ba malami ba ne, amma gari ba ya zama da karatu iri biyu a gida ɗaya. Ya ce in zaɓa: ko in bar tara mata in riƙe yarana, ko a maida yara zaure. Na san abin da suke tsammani. Iyayen yaran ke kawo mana damin hatsi da kaka, matan kuwa ba abin da suke ba ni sai taya aiki. Na ce a kwashe yaran.

Washegari Yaya ya zo ya tattara allunan da kanshi. Yaran suna bin shi suna waiwaye, ba su san me ya faru ba. Na yi kewar su ƙwarai. Na daɗe in na ji muryoyinsu daga zaure sai in ji kamar in leƙa, musamman in na ji an tsallake baƙin da na san wane ne ke tuntuɓe a kanshi. Ban leƙa ba.

Yaya ya kuma ce ba a tara mata a gidan Malam. Ban yi gardama ba, gidan a hannun Yaya yake. Gwaggona, ƙanwar Baba, tana zaune ita kaɗai a bakin gari ta wajen rijiya, na kwashe kayana na koma wurinta. Matan suka kawo kara muka ja darni, Gwaggo ta yanka mani gamana cikin gonarta ina noma abin da zan ci. Shekarar farko na sha wuya, hannun da ya saba da alƙalami ya yi kanta. Wasu mazan suka hana matansu zuwa. Amma ba mai hana mace zuwa rijiya, ni kuma a hanyar rijiya nake. Mace ta ajiye tulunta a ƙofa ta shigo ta karɓi aya ɗaya da ma'anarta, ta ɗauki tulu ta tafi tana maimaitawa. Wasu sun yi nisa, har biyu daga cikinsu da kansu suka ce in fara masu baƙi, na kuwa fara masu, a kan yashi, da tsinke. Wasu ba su wuce gajerun surori ba. Wasu sun zo sau ɗaya ba su sake dawowa ba, ban kuma bi su da gori ba.

Inna ba ta kai ga baƙi ba. Shekarar da annoba ta faɗa wa shanu, garkensu ya ƙare sai 'yan tsiraru, suka tashi suka nufi wajen Mayahi inda danginsu suke. Ta zo ta yi mani ban kwana, ta bar mani ludayinta. Yaya da ya ji ta tafi, sai ya aiko a tambaye ni ko ɗalibata ta iya rubuta sunanta. Na ce a gaya mashi ba ta iya ba, ba kuma shi ta zo nema ba.

Bayan wannan da kamar shekara biyu, wata rana da hantsi ina shiƙa a bayan darni, sai na ji sallamar namiji. Maigari ne, shi kaɗai, da igiya a hannu. Ya ce jakinshi ne ya ɓata, ko na gan shi. Na ce ban gani ba. Bai tafi ba. Ya tambayi lafiyar Gwaggo, ya yi maganar ruwan bana. Can sai ya ce akwai wani mutum, dattijo, da ke yawan mantuwa cikin salla, ya rasa ko raka'a uku ya yi ko huɗu, kuma yana jin nauyin tambayar liman don sa'an ɗanshi ne. Shin me mutumin ya kamata ya yi?

Ban ɗaga kai ba, ban kuma ajiye faifai ba. Na tambaye shi yadda mutumin ya saba yi in abin ya same shi. Ya faɗa mani. Na ce ai ya kusa, abu ɗaya ya rage, na bayyana mashi da dalilinshi. Ya maimaita don ya kai wa mutumin daidai, ya karkace a wuri ɗaya, na sake faɗa kamar da kaina nake magana, ya gyara.

Na ce, “Ranka shi daɗe, ka gaya wa mutumin in yana da sauran tambaya, nan nake kullum da hantsi.”

Ya ce zai gaya mashi. Daga nan jakin ya riƙa ɓata kusan kowane mako, har kaka ta wuce. Hukuncin da ya yanke kuwa bai taɓa janye shi ba, yara suna zaure wurin Yaya har ya tsufa. Ni ma ban taɓa roƙon a janye ba. Da Gwaggo ta rasu Yaya ya aiko cewa in dawo gida, ɗakina yana nan, muddin zan bar abin da nake yi. Na ce a yi mashi godiya, a kuma gaya mashi da baƙi a gidan, ba zan iya tashi in bar su ba. Mata uku ne a ɗakin ranar, ɗaya na goye da jikanta tana jiran in gama da ɗan aiken mu ci gaba.